Wutsiyar allo: yadda rumfar wani masassaƙi a Daura ta koyi riƙon ƙaramin aiki

Kawuna masassaƙi ne, kuma gado ya yi. Ya haura shekara arba'in yana fafe turmi, yana sassaƙa ƙotar fartanya da muciya da akushi da kujerar mata a wata rumfa da ke bayan gidansa a Daura. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin an kwashi wani daga rumfar zuwa asibiti ba, sai da aka kawo masa aikin da bai fi tsawon yatsa ba. Ni malamin aikin katako ne a wata makarantar sakandare, shi ya sa aka aiko mini bayan abin ya faru, na kuma riƙa zama da su kusan kowace yamma har aka miƙa kayan. Abin da idona ya gani zan rubuta, har da dabarun da muka gwada suka ƙi, don su ne suka fi cin lokacinmu.

Aikin da aka kawo

Wata Hajiya mai makarantar Islamiyya za ta aurar da 'yarta, za a haɗa walimar saukar Alƙur'ani da biki a mako guda. Maimakon robobi da kofunan da aka saba rabawa, sai ta so a raba abin da hannun garin ya yi. Ta nemi ƙananan alluna 150, kowanne inci 3 a tsaye, inci 1 da rabi a faɗi, da huda a ka don a saƙala makulli. Sai ƙananan turame 60 da taɓarensu, kowane turmi inci 2 da rabi. Allunan za a yi musu zayyana da ja da kore da ruwan ɗorawa da baƙi, amma ta gindaya sharaɗi: kada a rubuta aya, ko da harafi ɗaya, tunda abu ne da zai shiga aljihu, ya shiga banɗaki. Mako biyar ta bayar. Ana cikin Disamba, hunturu ya kankama.

Kawu ya karɓi aikin yana dariya. Mutumin da ya saba kokawa da gungumen ƙirya, me zai ji tsoro a ɗan allon da yaro zai ɓoye a tafin hannu? A kan girman abin ya yanka mata kuɗi, ba a kan wahalarsa ba. Allon karatu na gaske da aduwa aka fi yinsa, amma ga waɗannan sai ya sayo falankin malaina a wurin 'yan katako, don fari ne, ba ya da tauri sosai, yana kuma karɓar fenti. Turamen kuwa da rassan bedi za a yi su, wato dogon yaro ko darbejiya a bakin wasu, tunda shi ne iccen da ba a rasawa a ƙasar Daura.

A rana ta farko aka yi kuskuren da ya haifi duk sauran. Kawu ya sa yaransa biyu suka yayyanka falankin da zarto zuwa gutsattsari 150 cif, aka zuba a daro, don in Hajiya ta leƙo ta ga aiki ya yi nisa. An kuma datse turame 18 daga jikin rassansu. A ido kamar an ci rabin aiki. A gaskiya kuwa an raba kowane guntu da abin da za a riƙe shi da shi.

Jinin da ya zuba

Babban aiki shi ke riƙe kansa. Gungumen turmi nauyinsa ya ishe shi zama. Ƙota ana ɗora ta a kan kututture a take da ƙafa, akushi a matse shi tsakanin tafin ƙafafu biyu. Gizago kuma ƙota gare shi, bakinsa na sauka nesa da hannun da ba ya aiki. Da abu ya ƙanƙance sai duk wannan tsari ya rushe: ba nauyi, ba wurin takawa, gizago ya koma gefe, wuƙa ta karɓi aiki. Hannun hagu ya zama shi ne matsewa, shi ne teburi, kuma shi ne abin da ke jira a bayan itacen idan wuƙa ta zarce.

Da sanyin safiyar rana ta uku, ƙaramin yaron, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, yana fitar da wuyan wani allo. Wanda ya san allo ya san kansa yana da ƙahoni biyu kamar jinjirin wata, ƙarƙashinsu siririn wuya. Jijiyar itacen a tsaye take tafiya, daga gindin allo zuwa kai, ƙahonin kuwa gefe suka nufa, don haka abin da ke riƙe da kowane ƙaho ɗan gajeren tsagi ne da bai kai rabin inci ba. Yaron ya rungume guntun a tafin hagu, yana jawo wuƙa zuwa kansa, wuƙar ta dakushe, ya ƙara ƙarfi. Ƙahon ya ɓalle, ƙarfin da ya tara bai sami abin tsayawa ba sai gindin babban yatsansa.

Ɗinki biyar aka yi masa da allurar tetanus. Ma'aikacin da ya duba shi ya sa shi ya lanƙwasa yatsan, ya miƙe, sau da yawa, don ya tabbatar jijiyar da ke motsa yatsan ba ta tsinke ba. Allah ya kiyaye. Da ta tsinke, maganar ta wuce ɗinkin fata, sai tiyata.

Da na iso da la'asar Kawu na zaune ya tasa daron a gaba. Ya ce, "Malam, zo ka gani. Abin wasan yara ya sha jinin yaro." Malam yake ce mini idan zai tsokane ni, amma ranar ba tsokana a muryarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba raunin ba ne. Babban yaron na gani yana ci gaba da aiki, ya kafa guntun allo a kan cinyarsa, bakin wuƙa na kallon ƙasa. Ta cikin cinya babbar hanyar jini ta bi, wadda idan aka huda ta mutum na iya ƙarewa kafin a nemo babur. Na ce, "Kawu, a dakata da wuƙaƙen nan tukuna, sai mun san abin da zai riƙe iccen." A ranar muka ƙirga gutsattsarin da suka riga suka lalace, masu karyayyen ƙaho da masu jini, sun kai 21.

Abin da muka fara gwadawa

Tunanin makaranta ne ya fara zo mini: na aro matsewar ƙarfe, wadda masu walda ke kira bayis. Haƙoranta suka zauna a jikin malaina kamar an ciza. Wasu mun ceto su, domin itacen da aka danne ba a yanke ba yana tasowa idan aka ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma aka bi da dutsen guga mai zafi. Muka liƙa wa bakin bayis fata, cizon ya daina. Amma matsala biyu ta rage. Allo ɗaya sai an juya shi fiye da sau goma kafin a gama, kowane juyi sai an kwance an ɗaure. Sannan bayis teburi yake so, Kawu kuwa a ƙasa yake aiki tun yana yaro, bayansa bai san tsayuwa a benci ba. Kwana biyu ya yi haƙuri da ita, ya ce a mayar wa mai ita.

Na ga laifina a nan. Yawancin abin da muke koyarwa, da abin da ake gani a bidiyon YouTube, an gina shi a kan mutum mai dogon teburi da farin itace mai laushi irin na ƙasashen Turai da Amurka. Ba haka rumfar Kawu take ba, kuma ba rumfar ce za ta canza don littafi ba.

Abu na biyu ya fi dacewa, katako mai tokare. Falanki ne inci 10 da inci 8, a ƙasansa an kafa sanda da ke kama bakin kujera, a samansa an kafa sanduna biyu da suka haɗu suka yi kusurwa. Ana tura guntun allo cikin kusurwar, wuƙa ko cizal na tafiya zuwa can, hannun hagu yana baya yana dannawa kawai. Duk ƙarfin da ka sa, kusurwar ce ke shanye shi. A kan kujerar mata muka ɗora shi, daidai tsayin mai zama a ƙasa, muka liƙa samfefa a fuskarsa don kada guntun ya riƙa zamewa. Shi ya yi mana aikin gyara gefuna da sassauta kusurwoyi.

Na uku daga Kawu ya fito, kuma ya fi nawa. Ya huda kujerar wuri biyu, ya zura igiya ta fito sama ta koma ƙasa ta yi zarge, ya sa ƙafarsa a ciki. Ya taka, igiya ta danne allo. Ya ɗaga ƙafa, ya juya allo, ya sake takawa. Hannayensa biyu suna kan wuƙa. Da farko robar tif ɗin keke ya sa, sai ta bar baƙin layi a farin itacen, kuma tana bayarwa idan an danna wuƙa. Da aka canza zuwa tsiririn fata mai faɗin yatsa biyu daga wurin baduku, magana ta ƙare. A wurin badukun nan muka sa aka ɗinka wa kowa hular babban yatsa ta fata mai kauri. Safar hannu ta zane kuwa na hana, santsi take ƙarawa kuma ba ta tare komai. Ko irin wadda ake yi don masu yanka, tana tare shafar wuƙa ne, tsinin wuƙa yana ratsa saƙarta.

Saura wuyan allo, wurin da ya ci yaro. A nan guntun yana bukatar ya tashi daga kan kujera, a zagaya shi ta ko'ina. Tunda mun riga mun yanke masa abin riƙo, dole mu liƙa masa na aro. Mun gwada abubuwa huɗu. Ƙaro ya kama, amma da ya bushe a iskar hunturu sai ya zama kamar gilashi, bugu ɗaya ya saki. Sufa-gulu ya kama fiye da yadda ake so: ya tsotse cikin itacen, wurin ɓamɓarewa ya tafi da tsokar allon, inda ya taɓa kuma fenti ya ƙi zama. Gam ɗin nan mai kamar kyandir yana da sauri, ko ba wuta ana narka bakinsa a kan garwashi, kuma ɗigon sifirit na kemis a gefensa yana sa ya saki salin-alin. Ya yi mana amfani a aikin gaggawa, sai dai ba zan yarda da shi a watan Afrilu a rumfar kwano ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, don laushi yake yi.

Wanda ya zauna shi ne tsohuwar dabarar kafintoci: farin gam da takarda a tsakani. A shafa gam a kan sanda mai faɗi, a ɗora takarda, a sake shafa gam, a ɗora rabin allon na ƙasa, a danne da dutse ya kwana. Yana riƙewa kamar jiki ɗaya. In an gama, a sa bakin wuƙa daidai layin takardar a ɗan taɓa, sai takardar ta rabe biyu, allo ya fita lafiya, a kankare ragowar da ɗan danshi. Na kawo tsofaffin jaridu, Kawu ya ce ba a rumfarsa ba, ba ka san inda sunan Allah yake a ciki ba. Muka koma ambulan mai ruwan ƙasa mara rubutu, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, don tawadar jarida tana rina farin itace, takardar ambulan kuma ta fi kauri, ta fi rabewa da kyau. Aibin dabarar ɗaya ne, jira. Sanda talatin muke liƙawa da yamma, su ne aikin gobe.

Wutsiya

Zuwa ƙarshen mako na biyu, allunan da suka lalace sun kai 34. Dole a sake yanko wasu. A nan na roƙi Kawu kada a taɓa zarto sai mun zauna.

Abin da muka yi mai sauƙi ne. Aka tsaga falanki dogaye, kowanne ƙafa biyu, wato inci 24. A kan kowanne aka zana allo biyar a jere, tsakanin kowane biyu aka bar gadar rabin inci, a ƙarshe aka bar inci 7 ba a taɓa ba. Wannan ragowar ita yaran suka sa wa suna wutsiya. Mai aiki ya riƙe wutsiya, ko ya tokare ta a ƙirji, ko ya taka ta da igiyar kujera, ya fara da allon da ya fi nisa da hannunsa, yana matsowa. Ba a rage kaurin gada sai an gama duk abin da ke bukatar ƙarfi. Ƙahonin kuma, waɗanda suka ba mu wuya, su ne na ƙarshe: a fara datsa layin wuya da tsinin wuƙa ko ɗan zarto, sannan a riƙa ɗebe itacen kaɗan-kaɗan zuwa ga wannan datsin, yadda wuƙa za ta sami inda za ta tsaya tun kafin ta tashi.

Kawu bai yarda nan take ba. Ya auna wutsiyar da yatsunsa, ya ce, "Wanga ai ɓarnar icce ce. Allo biyu ka zubar." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya ga ƙirya da marke suna ja da baya a dajin da ya san su tun yana bin mahaifinsa, har ta kai ana nemo gungumen turmi daga nesa. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa saboda gurgusowar hamada, kuma wanda ke zaune kusa da iyakar Nijar ta Kongolam ba sai an karanta masa wannan a takarda ba. Amsar da ta gamsar da shi ba tawa ba ce. Yaron da aka ɗinke, wanda ke zaune da hannu a naɗe yana kallo, shi ya ce, "Baba, ai taɓaren ba a yi ba. A tsaga wutsiyar a yi su da ita." Haka aka yi. Kowace wutsiya ta ba da sanduna uku zuwa huɗu masu kaurin fensir, aka sassaƙa taɓarya a rabi, aka riƙe ɗaya rabin. Falanki bakwai suka ba da allo 35, ba wanda ya karye ko ɗaya, kuma ba a jira gam ya kwana ba.

Turame 42 da ba a datse ba su ma haka aka bi da su. Reshe mai tsawon kamu biyu, a sassaƙa turmi a bakinsa. Sai dai a nan tsarin aikin ya juya: fafewa ake fara yi tun bangon yana da kauri, a ɗaure bakin da waya kafin a huda, sannan a zo kan ƙugu da gindi. Wanda ya fara fitar da siffar waje, ya bar fafewa a ƙarshe, zai tarar da bango siriri da ba ya jure kurfi. Reshen bedi kuma da zuciyarsa a tsakiya yake, ga busasshiyar iskar hunturu, sai ya riƙa tsagewa daga bakin da aka yanke, don baki na bushewa kafin ciki. Kakin zuma ya yi mana maganin wannan, muka riƙa shafe bakin kowane reshe da shi da dare. Amma kaki, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 62 yake narkewa, ba ya fita da wanki, kuma fentin ruwa ba ya zama a kansa. Sai an yanke wurin da ya taɓa.

Turame 18 da aka riga aka datse su ne 'yan wahala. Sukuru muka zura ta cikin guntun sanda, tsininsa ya fito rabin inci, aka ɗaura turmin a kai ta gindi. Dole a fara huda ƙaramin rami, in ba haka ba sukurun ya tsaga gindin kamar an buga masa tsinke. Mun naɗa zare a bakin abin hudar don ya nuna iyaka, bayan da wani ya ɓullo ta cikin turmin. Kuma tunda sukurun yana shiga ne ta inda jijiyar itacen ta ƙare, riƙonsa ba ƙarfi, turmin sai ya riƙa juyawa. Muka liƙa samfefa a goshin sandar, muka ƙara 'yar ƙusa da aka guntule wa kai a gefen sukurun, sannan ya tsaya. Biyu daga ciki, da iccensu bai gama bushewa ba, ƙarfen ya bar musu baƙin tabo a gindi.

Fenti da ƙura

Na ɗauka da an ajiye wuƙa an huta, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Allo goman farko babban yaron ya fente su a hannu, ya jera a kan tabarma. Da safe kowanne na ɗauke da zanen yatsansa a gefe, da saƙar tabarma a baya, da ƙurar hunturu a fuska kamar an barbaɗa gari.

Na falanki bakwai ɗin nan ba su ba mu matsala ba: a riƙe wutsiya, a fente biyar a zama ɗaya, gaba da baya, a soke wutsiyar a rami, sai sun bushe a yanke gada. Sauran kuwa hudar makulli ce ta cece mu. Muka huda kowanne kafin fenti, muka sayo tsinken tsire, a fiƙe shi ya shiga hudar ya matse. Inda za a kafa tsinken ya ɗan ja mu. Kwanon yashi ya riƙe, amma duk sanda aka zare ɗaya sai yashi ya fallatsa kan na kusa. Sai Kawu ya jawo karan dawa daga danga, ya ɗaure guda shida ya kwantar. Tsinke na ratsa ɓawon, totuwar ciki ta kama shi gam, ba ƙura ba nauyi, a ɗauki allo ashirin da hannu ɗaya a kai ɗaki. Ban taɓa ganin wannan a littafi ba, yanzu kuwa shi nake nuna wa ɗalibaina.

Rataya da waya mun gwada wa banish, wato man da ke sa katako ƙyalli, ya taru a gindi ya yi ɗigo kamar hawaye. Sai an shafa shi siriri, ko a juya allon bayan 'yan mintuna. Turamen da ke kan sukuru da masu reshe ba su bukaci komai ba. Don baƙin zoben da ke ƙugun turmi, muka yanka gutsattsarin katako biyu da baki kamar na gwafa, aka kwantar da reshen a ciki, yaro na murzawa a hankali, Kawu ya tsayar da burushi wuri ɗaya. Zoben ya fita daidai kamar na inji.

A kan zayyanar allo, abin da ya gyara rawar hannu shi ne a haɗa hannayen biyu su zama abu ɗaya. Gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, hagu na riƙe da tsinke, ƙaramin yatsan dama ya jingina a jikin tsinken ko a kan yatsan hagu. In hannu ya motsa, tare da allon zai motsa. Kuma allon ake juyawa ya zo wa burushi, ba burushi ke zagaya allo ba. Kafin launi sai an shafa banish mai ruwa-ruwa sau ɗaya an goge da samfefa mai laushi, in ba haka ba baƙin layi yana bin jijiyar malaina ya yi gashi-gashi.

Kawu ya so fentin mai, irin na ƙofa, don shi ya sani kuma yana ƙyalli. Na ƙi saboda dalili biyu. Launi huɗu da fentin mai kwana huɗu ke nan, kowane dare ƙura na da damar zama a kai. Fentin ruwa na masu zane kuwa a wannan iska ba ya kai rabin awa, har a bakin burushi yake bushewa in ka tsaya hira. Dalili na biyu ya fi nauyi: an daɗe ana samun dalma a wasu fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, kuma duk mai 'ya'ya ya san inda makulli ke ƙarewa idan jariri ya same shi. Ƙura kuwa da dabarar mata muka yaƙe ta: aka koma zaure, aka yayyafa ruwa a ƙasa, ana banish bayan isha'i lokacin da iska ta kwanta, a kife kwalin taliya a kan kowane damin kara.

Yadda aka ƙare

An miƙa kayan saura kwana uku walima. Daren ƙarshe mun yi shi ne muna buɗe hudar makulli ɗaya bayan ɗaya, don banish ya taru a bakin kowace inda tsinke ya zauna, zoben ya ƙi shiga. Da mun ɗan faɗaɗa hudar tun farko, da mun yi barci.

Kawu bai ci riba ba. Da aka cire kuɗin falanki na biyu, da fenti, da asibiti, abin da ya rage bai kai na turmi huɗu manya ba, waɗanda zai fafe a ƙasa da rabin lokacin. Yaron ya dawo aiki a mako na huɗu, yatsan na lanƙwasa, amma har yanzu yana cewa gefe ɗaya kamar ba nasa ba idan sanyi ya yi. Kujerar mai igiya tana nan, katako mai tokare ya zama na yara, bayis kuwa ba a sake ambatarsa ba.

Inda aka yanke wutsiya a gindin kowane turmi ya bar farin da'ira ba fenti. Na ce a shafe. Kawu ya ce a'a, ya sa ƙarfen da yake ƙuna akushi da shi a wuta, ya ɗana wa kowanne 'yar alamar da mahaifinsa ke sa wa turamensa. Hajiya ta juya ɗaya ta gani, ta tambaya ko an ƙara kuɗi don wannan.

Cikin waɗanda suka karɓi allon a walima akwai wani mai sayar da kayan tsaraba ga baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu da hawan Sallar Gani. Ya zo yana son a yi masa ƙaramar rijiya da gugarta, guda hamsin. Gugar ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Wannan karon Kawu bai yanka kuɗi ba tukuna, bai kuma taɓa zarto ba. Da na baro rumfar ranar Asabar, yana zaune da wani reshen aduwa a hannu, yana jujjuya shi, yana auna inda gugar za ta fito da inda zai bar mata wutsiya.